Jajen da Nake Yi Duk Litinin

Matata ta rasu bayan Babbar Sallah, lokacin da zafin Jidda ke tausasa kwalta a ƙarƙashin takalmi. Da hantsi ta ce kanta na sara mata. Kafin magariba mun kai ta makwancinta. Ba a ajiye gawa, ba a jiran kowa.

Babban ɗanmu yana Amurka. Bai zo ba, kuma ba laifinsa ba ne. A nan unguwar Kurayyat aka haife shi, a nan ya yi rarrafe, amma tun da ya fita iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, ya zama baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Kafin ya sami izinin shigowa, in ma ya samu, an daɗe da naɗe tabarmar makoki. Ƙanwarsa ce ta faɗa masa a waya. Ni ina waje ina amsa gaisuwa.

Ban taɓa kiran sunan yaron nan ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka raɗa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Haka na taso na gani. Iyayena da ƙafa suka ratso Sudan suka zo aikin Hajji, ba su iso da komai ba sai al'ada, ita kuwa ba su yar da ko ƙwayarta a hanya ba. Mahaifina bai taɓa ɗaukar yayana a gaban mutane ba, bai taɓa zama hira da shi ba har ya koma ga Allah. Ni ma na bi sahu. In zan aiki yaron sai in ce, "Kai." In ina son labarinsa sai in ce wa uwarsa, "Wancan ya yi waya?"

Ita ta riƙe kunyar har ya yi gemu. Ranar da jirgi ya ɗaga da shi ta watsar. Ta ce ita ba za ta yi kara da ɗan da ke bayan teku ba, mai son yi ya yi. Don haka waya ta zama tata. Duk mako takan zauna a bakin ƙofar kicin su yi ta zuba, rabi Hausa rabi Larabci, ni kuma in sami wata fanka ko wani famfo a kusa in yi ta gyara abin da bai lalace ba. In sun gama sai ta miƙo mini.

"Lafiya?"

"Lafiya, Abuya."

"To, madalla."

In mayar mata. Shekara da shekaru iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe ni, don duk abin da nake son ji na riga na ji ta bakin ƙofar kicin.

Bayan rasuwar ya kira ni sau ɗaya. Muka gaisa, muka yi shiru, ina jin numfashinsa yana jin nawa. Ya ce, "Tayyib, Abuya." Na ce, "To." Daga nan ɗif.

Na ga abubuwa a garin nan. Ambaliya ta kwashe mana kayan ɗaki. Rusau ya cinye gidan da aka haife ni. Inji ya ɗauke mini yatsu biyu. Na yi kafili, ubangidan da takardun zamanmu ke hannunsa, ya mutu ya bar mu a rataye, ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko. Duk ban yi kuka ba, washegari na fita aiki. Amma wannan karon na gane igiyar da ta ɗaure yaron nan da gidanmu a hannun matar take, kuma da ita muka rufe ta. In ba a yi wani abu ba, zan zama wani tsoho da yake tambayar ƙanwarsa lafiyarsa sau ɗaya a shekara. Ban kuwa san abin da ake yi ba.

A wani sito nake aiki a Madinar Masana'antu. A da dako nake yi, da baya ya gaji aka ɗora ni kan motar ɗaga kaya. Mai gadin ƙofarmu Bahaushen Sudan ne, sa'ana, bakinsa ba ya hutawa, kuma mayen ƙwallon ƙafa ne na ƙarshe. Tare muke cin ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, bayan azahar a inuwar wata tsohuwar kwantena. Shi ke magana, ni nake ci.

Wata Litinin, zafi ya fara sassautawa, muna cikin ci wayar matata ta yi ƙara a aljihuna. Ita nake riƙewa tun da ta tafi. Yaron ne. Can wurinsu safiya ce, yana tuƙi zuwa wurin aiki, motar rarraba kaya yake ja. Muka gaisa. Shirun nan ya taho, na ji shi tafe kamar yadda ake jin hadari. Sai na lura muryarsa ta dishe.

"Mura kake?"

"La, Abuya. Ihu na sha jiya."

"Ihun me?"

"An cinye mu."

"Ku da wa?"

"Ƙungiyar garinmu. Ƙwallo, amma irin ta nan, ba irin taku ba. Jiya aka fara kakar bana."

Garinmu, ya ce. Kalmar ta soke ni, na haɗiye. Ban san ƙwallo ba, ko ta ƙafa ban taɓa tsayawa kallo ba. Amma akwai abu ɗaya da na iya. In mutum ya ce maka ya yi asara, jaje ake yi masa. Wannan na gada, kuma babu kunya a cikinsa, ana yi wa babba ana yi wa yaro.

Na ajiye tamis ɗin na gyara zama. "Ashsha," na ce. "Sannu. Abu bai yi daɗi ba. Allah ya kiyaye gaba. Garin yaya?"

Sai yaron ya ɓalle. Ya yi ta bayani, Larabci na korar Hausa, Turanci na leƙowa. Wai suna gaba har kusan tashi, wai wani ya jefa ƙwallo ta faɗa hannun abokan gaba. Ban fahimci ko rabi ba. Ina dai cewa, "Kai!" da "Subhanallahi," a inda na ji muryarsa ta tashi. Tun da aka haife shi bai taɓa jera mini magana mai tsawon wannan ba. Da ya iso wurin aiki ya ce, "Yalla, Abuya, ma'assalama." Ful ɗina ya riga ya huce.

Mai gadi ya zuba mini ido. Shaiba yake ce mini, wato tsoho. "Ya shaiba, wa ya mutu?"

"Ƙwallo aka ci su."

"Ƙwallo? Kai? Kai da ko ranar da aka ci kofi, duk Jidda na busa hon, ba ka ɗaga kai?" Ya yi dariya har ya sarƙe. Sannan ya goge hannu ya ce in faɗa masa sunan garin. Ya lalubo a wayarsa ya kara mini a fuska.

Na ga wasu ƙarti sanye da hular kwano, kafaɗunsu a cushe kamar an ɗora musu buhu. Sun yi sahu biyu suna fuskantar juna, sun duƙa. Can sai suka gwabza kamar raguna. Ƙwallon ba zagaye take ba, kamar gwanda, kuma a hannu ake rungume ta a ruga. Wanda ya ruga ba ya nisa sai a kayar da shi, mutane su haye kansa. A tashi, a sake yin sahu, a sake duƙawa.

"Wannan ba ƙwallo ba ce, ya zol," in ji mai gadi, da irin kiran da mutanen Sudan ke wa juna. "Dambe ne aka sa masa hula."

Ni ban ga dambe ba. Dako na gani. Ka ɗauki kaya, ka matsa kaɗan, a danne ka, ka tashi ka koma layi. Na ce masa ya ajiye sunan ƙungiyar a wayarsa.

Sau ɗaya suke wasa a mako, galibi ranar Lahadi. Duk Litinin da safe, kafin in hau mota, mai gadi zai tare ni a ƙofa.

"Ya shaiba, wanke bakinka, an sake tattaka mutanenka."

"Da yawa?"

"Kamar an bi ta kansu da tirela."

Bayan azahar waya ta yi ƙara. In yi jaje, ya yi bayani. Mako ya bi mako haka. Ban yi boko ba, amma ba a koya mini yadda ake zaman jaje. Ba ka cika surutu. Ba ka cewa abin ƙarami ne. Ba ka cewa da an yi kaza. Ka yi tambaya ɗaya, ka bar mai asara ya sauke abin da ke ransa. Tun daren Lahadi nake tanadin tambayata, ina juya ta kamar mai zaɓen goro.

A haka na san mutanen, ko da yake sunayensu ba su zauna a bakina ba. Akwai mai jifa, shi ne idon ƙungiya, duk wasa daga hannunsa yake fita. Akwai ƙartin da aikinsu kawai su tsaya a gabansa su sha duka a madadinsa, ba a ko ambatonsu sai sun yi kuskure. Su na fi so. Akwai wani ɗan siriri da ba ya shiga sai in za a buga ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin ƙarafa biyu. Wata rana wasa ya rage a ƙafarsa, ya buga ta daki ƙarfe ta dawo. Yaron ya ce duk filin ya yi tsit kamar maƙabarta. Da ya faɗi kalmar sai ya yi shiru. Ni ma na yi. Sannan ya ci gaba da maganar ƙarfe.

Tsakiyar kaka mai jifan ya karye a gwiwa. Na sa mai gadi ya nuna mini. An ɗora shi a wata ƙaramar mota an fita da shi, ya rufe fuska da tawul. Na san wannan fitar. Na ga an fitar da mutane daga sito haka, ni ma an fitar da ni, hannuna a naɗe da rigar wani.

"Zai dawo?" na tambayi yaron.

"Ba bana ba. Wataƙila har abada."

"Yana da iyali?"

"Wallahi ma adri, Abuya. Ban taɓa tambaya ba."

"Ka tambaya."

Mako na gaba ya zo mini da amsa. Mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu. Na ce Allah ya ba shi lafiya don su.

Daga nan abin ya zama zubewar katanga. Aka kori kocin. 'Yan kallo suka fara ƙaurace wa fili, waɗanda suka zo kuma wasu suka kifa jakar takarda a kai, suka huda wurin ido, wai kunyar a gan su suke ji. Mai gadi ya kusa faɗuwa daga kujera da ya ga hoton. Ni na tambayi yaron ko shi ma yana sawa. Ya ce a'a. Na ce ya kyauta, wanda ya zo jaje ba ya ɓoye fuska.

Ranar Juma'a nakan je unguwar Bani Malik gidan 'yata in ci abinci. Wata Juma'a tana zuba mini shayi ta ce, "Baba, wai me kuke cewa kai da Yaya? Ya ce duk Litinin kuna waya."

"Ƙwallo."

"Ƙwallo kawai?"

"Kawai."

"Bai taɓa yi maka maganar Ummi ba?"

"A'a."

"Kai fa?"

"Shayin nan ba sukari."

Ta tura mini gwangwanin sukari da ƙarfi har cokali ya yi tsalle. "Ni in ya kira kuka yake yi mini," ta ce. "Kai kuma ƙwallo. Wallahi ku biyun nan sai Allah."

Na ce kowa da rabonsa. Ta karɓi wayar uwarta daga hannuna, ta danne-danne, ta nuna mini hoton yaron a fuskar wayar. Ta ce in ina son kiransa in taɓa nan kawai. Na ce ba na bukata, shi ke kira. Ta ce ta dai sa.

Sanyi ya shigo Jidda, irin namu na 'yan kwanaki. Can wurinsu kuwa ƙanƙara ce ke zuba, 'yan wasan numfashinsu na hayaƙi. Wata Litinin na iso ƙofa na tarar da mai gadi yana rawa da sandarsa.

"Mabruk, ya shaiba! Mutanenka sun ci! Yau akuya ta kori kura!"

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma duk safiyar ina kan mota ina tunanin abin da zan ce. Jaje na iya. Barka kuwa, da ɗan fari, ban san ta inda ake kama ta ba. Na dai shirya 'yan kalmomi. Aka yi azahar, muka zauna, na ajiye waya a kan gwiwa.

Ba ta yi ƙara ba.

Ranar Juma'a 'yata ta nuna mini hotonsa. Yana tsakiyar wasu mutane da ban sani ba, farare da baƙaƙe, sun rungume juna a cikin ƙanƙara, an shafa masa fenti a kumatu, bakinsa a buɗe. Rabon da in ga haƙoransa tun yana yaro. Ashe murna tana da mutanenta a can. Baƙin ciki ne ba shi da inda zai kai sai gida.

Lahadi ta gaba aka cinye su. Litinin ya kira. Ban tambaye shi makon jiya ba, shi ma bai kawo ba. Tun daga ranar, in mai gadi ya tare ni da labarin an tattaka su, sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ina yi wa yaro jaje da bakina, cikina yana hamdala. Allah ya gani. Ba su sake ci ba kuwa, ban kuma ce addu'ata ce ba.

Da kaka ta zo ƙarshe, mai gadi ya duba jerin ƙungiyoyin ya girgiza kai. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Su ne na ƙarshe, ya zol. Ƙasan ƙasa. Ka san abin da ke biyo baya?"

"Faɗi."

"Saukar da su za a yi. Ko'ina a duniya haka ƙwallo take. Na ƙarshe ya faɗa rukuni na biyu, manyan 'yan wasa su gudu, talabijin ta daina nuna su. Ƙungiyar garinmu a Sudan haka ta yi. Ta sauka, ta sake sauka. Yanzu filin kasuwar tumaki ne."

Ban yi musu ba, don haka na san duniya. Wanda ya gaza cire shi ake yi. In ƙarfinka ya ƙare a sito, wani ke hawa motarka. In takardarka ta mutu, tarhil, a sa ka a jirgi. Me zai sa ƙwallo ta bambanta? Na kwana biyu abin na cina. Ba ƙartin nake ji ba. In ƙungiya ta watse, yaron zai kama wata mai ci, ko ya bar kallon gaba ɗaya. Ko wanne ya yi, Litinin ɗina ta tafi.

Wasan ƙarshe ma an cinye su. Da waya ta yi ƙara na tashi daga inuwar kwantena na koma bayan sito, inda ba kowa. Na yi masa jaje cikakke, irin wanda ake yi wa wanda gobara ta cinye wa shago. Na ce kowane mai rai da ranarsa. Na ce ƙasa ba ƙarshen duniya ba ce, mu ma a can muka yi rayuwarmu. Na ce ko an saukar da su kada ya juya musu baya, ba a gudun mutum ranar da aka fitar da kayansa waje.

"Saukar da su ina, Abuya?"

"Rukuni na biyu. Tarhil."

Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Yana yi yana dukan sitiyari, ina jin hon na ɗan tsuwwa.

"Min gal lak? Wa ya faɗa maka?"

"Mai gadinmu."

"Ka ce masa wannan ba irin tasu ba ce. A nan ba a saukar da kowa. Babu ma rukuni na biyun. Kuma ka san wani abu? In an zo rabon sababbin 'yan wasa, samarin da suka fito daga makarantu, wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓe. Mu za mu ɗauki wanda ya fi kowa."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake.

"Wanda ya fi kowa faɗuwa shi ake fara ba wa?"

"Aiwa."

"Wanda ya ci kofi fa?"

"Shi ne na ƙarshe a layi."

Na jingina da bango. Shekaruna duka ban taɓa jin wurin da ake haka ba. "Wace irin ƙasa ce wannan?" na ce.

"A ƙwallo ne kawai, Abuya," ya ce, dariyar ta ɗauke. "Sauran abubuwa kamar ko'ina ne."

"To yaushe za a koma wasa?"

"Da sauran nisa. Sai zafinku ya zo ya kusa wucewa." Na ji ya kashe mota. "Yalla, na iso. Ma'assalama."

Na tsaya da waya a hannu. Ƙungiya ta tsira, ba a saukar da ita ba, ba ta zama kasuwar tumaki ba. Amma ni abin da na ji tsoro bai fasa zuwa ba. Babu wasa, babu asara, babu jaje.

Litinin ta zo, waya shiru. Wata ta sake zuwa, shiru. Mai gadi ya sha kunyar maganar rukuni na biyu, ya kwana biyu yana cewa Amurkawa ba su san ƙwallo ba shi ya sa. A Litinin ta uku ya ga ina juya tamis ban ci ba.

"Kira shi mana."

"Babba ba ya bin yaro da gaisuwa."

"Wa ya ce?"

"Haka aka yi mu."

"To zauna da girmanka, ya shaiba. In yunwa ta kama ka ka dafa shi ka ci." Ya ja kwanon ful gabansa. "Ni nawa ɗan yana Khartum lokacin da aka fara harbe-harbe. Da a ce akwai lambar da zan taɓa ya ɗauka, da ban tsaya tambayar wa ya girmi wa ba."

Bai taɓa faɗa mini wannan ba, duk surutunsa. Na tashi na koma bayan sito.

Hoton yana nan inda 'yata ta sa shi. Na daɗe ina kallo. Sannan na taɓa da ɗan yatsan da inji ya bar mini.

Ta yi ta ƙara. Can aka ɗauka. Wata murya ta yi magana da Turanci, da sauri, a taƙaice, ga ƙarar titi a bayanta. Ban taɓa jin muryar nan ba. Na ce a raina na taɓa inda ba daidai ba, ko wani abokin aikinsa ne ya ɗauka. Na yi sallama, ƙarar mota ta haɗiye ta. Muryar ta sake magana, da alamar za a kashe. Ba ni da Turancin da zan ce ɗana nake nema. Abu ɗaya kawai nake da shi da mutumin zai gane.

Na faɗi sunan.

Sunan mahaifina ne, rabon da ya fito daga bakina tun ban san kunya ba. Ya fito da nauyi, kamar na ɗaga buhu ba shiri.

Ƙarar titin ta ragu. Na ji ana tsayar da mota.

"Na'am, Abuya."

Shi ne. Yana tuƙi bai duba mai kira ba, ya amsa da muryar da yake amsa wa mutanen can. Ashe yana da wata murya da ban sani ba.

"Lafiya? Wani abu ya faru?" ya ce.

"Babu."

"To... babu wasa jiya."

"Na sani."

Shirun nan ya zo. Wannan karon na bar shi ya zauna, ban ce "to" ba, shi ma bai ce "tayyib" ba. Ina jin wani abu na ƙyaf-ƙyaf a motarsa.

"Abuya," ya ce, da Hausa tsantsa, a hankali, kamar mai taka ƙasa ba takalmi. "Ranar nan. Wa ya sa ta a kabari?"

"Ni da mijin ƙanwarka."

"Ta sha wahala?"

"A'a. Kai kawai ta ce yana sara mata. Ta sha ruwa. Ta yi kalmar shahada, na ji da kunnena."

"An taru?"

"An taru. Har layi ya fita waje."

Ya yi ta tambaya ina ba shi amsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi kuka, na bar shi. Da ya lafa na ce masa ya yi haƙuri, ya ce ni ma in yi haƙuri. Wata nawa da rasuwar, sai ranar muka yi wa juna gaisuwa. Ya makara a aiki, ni ma shugaban sito ya aiko nemana.

Har yau bai sami zuwa ba, maganar takardu tana nan inda take. Hirarmu ba ta zama irin ta uwarsa ba, ba za ta zama ba. Wata Litinin shi ke kira, wata ni, wata kuma ta wuce ba wanda ya kira. Sunan ban sake faɗa ba. Sau ɗayan ya isa, ya san yana bakina.

Da bazara ta kama aka yi rabon samarin. Ya kira ni ranar da ba Litinin ba, yana haki, wai sun ɗauki wani mai jifa, yaro ƙarami, hannunsa kamar majajjawa. Ya ce bana sai sun ba kowa mamaki.

Na ce, "Ƙartin da za su tsaya a gabansa fa, an samo?"

Ya ce tukuna.

Na ce to ya bar murna, ya tanadi murya.